Wane ne Ɗan Ƙasa? Indiya Cikin Littattafan da 'Ya'yanta Suka Rubuta da Turanci

Yawancin Hausawa a majigi suka fara ganin Indiya. Daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi, da wuya a sami wanda bai taɓa zama ya kalli fim ɗin Indiya ba, da waƙe-waƙensa da raye-rayensa. Yawancin finafinan nan da harshen Hindi aka yi su a birnin Bombai, wanda aka sake wa suna Mumbai a 1995. Amma akwai wata Indiya da ba a santa sosai ba a ƙasashen Hausa, wato ta cikin ƙagaggun labaran da Indiyawa suka rubuta da Turancin Ingilishi. Wanda ya karanta huɗu ko biyar daga cikinsu zai lura da wani abu. Ko labarin na aure ne, ko na gado, ko na yaron makaranta, ba ya nisa sai ƙasar kanta ta shigo ciki, a soma tambaya mece ce Indiya, wane ne kuma ɗanta na gaske.

Dalilin wannan yana cikin harshen. Tsarin mulkin Indiya ya lissafa harsuna 22 na ƙasa, kuma yawancinsu suna da jiharsu da kasuwanninsu da iyayen da ke yi wa jarirai waƙa da su. Ingilishi ba ya cikin jerin nan, ba shi kuma da ƙauye ko ɗaya da za a ce nasa ne. A ƙidayar 2011, cikin mutane fiye da miliyan 1,200, kimanin 260,000 ne kaɗai suka ce shi ne harshen uwarsu, masu iya shi kuwa wajen mutum ɗaya ne cikin goma. Duk da haka shi ne harshen manyan kotuna da jami'o'i. Sa'ad da gwamnati ta so ta mai da Hindi harshen mulki shi kaɗai, mutanen kudu suka ƙi, har aka yi tarzoma a jihar Madras a 1965 aka rasa rayuka, sai aka bar Ingilishi ya ci gaba. Saboda haka marubucin harshen Tamil ya san wanda yake yi wa magana, gama maƙwabcinsa ne. Na Ingilishi kuwa masu karatunsa suna warwatse, wasu a Kalkata, wasu a Dilli, da yawa a Landan, abin da ya haɗa su da shi kuwa shi ne kalmar nan Indiya. Mai karatu da ya yi boko da Faransanci a Nijar ko Kamaru ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

An shuka irin tun 1835, sa'ad da Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin Turawa shawara cewa a ba da kuɗin ilimi ga karatun Ingilishi, domin a raini waɗansu mutane masu jinin Indiya amma da tunanin Ingila, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da talakawa. Na farko da suka gwada rubutu da harshen ba su daɗe a cikinsa ba. Michael Madhusudan Dutt, wanda ya karɓi baftisma a 1843, ya fara da waƙoƙin Ingilishi, ya koma harshen Bengali, a can kuma ya yi suna. Bankim Chandra Chatterjee ya rubuta Rajmohan's Wife a 1864, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da Ba'indiye ya yi da Ingilishi, bai sake wani da harshen ba. Sai bayan shekara 70, lokacin da gwagwarmayar neman 'yanci ta yi zafi, aka sami marubuta uku da suka zauna cikin harshen suka mai da shi gidansu: Mulk Raj Anand, da R. K. Narayan, da Raja Rao.

Raja Rao ne ya fi fuskantar matsalar gaba da gaba. A gabatarwar Kanthapura, 1938, ya yarda cewa abu ne mai wuya mutum ya faɗi abin da ke zuciyarsa da harshen da ba nasa ba, ya ce bai kamata Ba'indiye ya yi rubutu kamar Bature ba. Dabarar da ya yi ita ce ya sa labarin a bakin wata tsohuwa, Achakka, tana zuba zance ba tsayawa kamar yadda kaka take yi wa jikoki tatsuniya. Wani saurayi, Moorthy, ya komo ƙauye daga birni da koyarwar Gandhi. Mutanen ƙauyen ba su san abin da ake kira ƙasa ba, sun dai san allahiyarsu Kenchamma da ke tsaron tudunsu. Sai mai wa'azin haikali ya riƙa ba su labarin Gandhi kamar ɗaya daga cikin allolin da sukan sauko duniya su kori mugu. Ta haka siyasa ta shiga ƙauyen. A ƙarshe 'yan sanda suka watsa garin, aka yi gwanjon gonaki, matan da suka tsira suka yi ƙaura zuwa wani ƙauye. Littafi ne mai daɗin karatu, kuma Rao bai ɓoye tsadar abin ba. Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa. Idan da tatsuniyoyin addini guda aka ɗinka rigar ƙasa, Musulmi da Kirista da 'yan Sikh za su sa ta ne kamar ta aro. Ba a rasa ma'ana ba da ya zama cewa Musulmin da aka fi gani a littafin shi ne Bade Khan, ɗan sandan da Turawa suka aiko.

Narayan ya bi wata hanya. Ya ƙago gari, Malgudi, da koginsa da tashar jirginsa da makarantar mishan, ya zauna a cikinsa fiye da shekara 50 yana rubutu. A Swami and Friends, 1935, wanda marubucin Ingila Graham Greene ya taimaka aka buga, ƙasa takan zo ne daidai tsayin yaro ɗan shekara goma. Swami ya je taron 'yan kishin ƙasa inda ake ƙona tufafin Ingila, aka ce masa hularsa ta waje ce, ya jefa ta wuta. Daga baya ubansa ya gaya masa cewa hular saƙar gida ce. Kashegari ya shiga cikin masu jifan tagogin makaranta, ba don ya gane dalilin ba. Akwai kuma malamin Littafi Mai Tsarki, Ebenezar, wanda ke zagin allolin yaran a cikin aji, ya murɗe kunnen Swami don ya yi masa tambaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara yana koyar da addini zai ji kunya a wannan shafi, ya kuma kamata ya ji. Waɗansu masu sharhi sun zargi Narayan da guje wa manyan al'amura. Zargin bai tsaya ba. Hular nan da aka ƙone bisa kuskure ta faɗi abin da dogon jawabi bai faɗa ba game da yadda taron jama'a ke rarrabe na gida da na waje. A 1960 hukumar adabi ta ƙasa, Sahitya Akademi, ta ba shi lambar yabo saboda The Guide, shi ne kuma na farko da ya karɓe ta da littafin Ingilishi.

Amma littafin da ya sa yatsa a kan gyambon shi ne na Anand, Untouchable, shi ma 1935. A tsarin zaman Hindu na gargajiya ana haihuwar mutum cikin ajinsa da sana'arsa, ba ya fita har ya mutu. Can ƙasa da kowa akwai waɗanda ba a taɓawa, masu shara da jima da kwasar bayan gida, waɗanda yanzu suke kiran kansu Dalit. Anand ya ɗauki yini guda na Bakha, saurayi ɗan shekara 18 mai wanke masai. Da safe ya gogi wani mutum a kasuwa bisa kuskure, domin ya manta ya yi ihun gargaɗi cewa mai shara na tafe. Aka taru a kansa, aka zage shi, aka mare shi. Wani limamin haikali ya nemi ƙanwarsa da lalata, da ta yi kururuwa sai shi ya riga ta ihu cewa ta ƙazantar da shi. Bakha kuwa abin da yake sha'awa a duniya shi ne wando da takalmin sojan Turawa, gama a barikinsu ne aka taɓa ɗaukarsa mutum. Wannan ya isa ya nuna cewa kalmar 'yanci ba ma'ana ɗaya take da ita ga kowa ba.

Kafin rana ta faɗi an miƙa wa Bakha magani uku. Na farko daga Kanar Hutchinson ne, tsohon Baturen mishan na Rundunar Ceto, mutum mai kirki wanda ya dafa kafaɗarsa ba ƙyama. Amma da Bakha ya tambaye shi wane ne Yesu Almasihu, sai tsohon ya riƙa rera waƙoƙin sujada maimakon ya amsa, ya kuma gaya wa yaron da aka wulakanta tun safe cewa shi mai zunubi ne. Suna isa gida matar Kanar ta fito tana faɗa a kan baƙaƙen da yake kwasowa, Bakha ya ruga. Anand ya yi ba'a a nan, ya kuma wuce gona da iri, amma ba a ce ƙarya zalla ya yi ba. Na biyu Gandhi ne, wanda ya tsaya gaban taro ya kira wariyar nan babban tabo a kan addinin Hindu, sa'an nan ya shawarci waɗanda ake wariyar su tsabtace rayuwarsu. Na uku wani mawaƙi ne da ya ce idan aka kawo masai na zamani mai tafiya da ruwa, ba wanda zai sake kwasar ƙazanta da hannu. Bakha ya kama hanyar gida yana juya zantuttukan a ransa.

A nan ƙarfin littafin yake, a nan kuma rauninsa yake. Mutum uku sun yi magana a kan Bakha, shi kuwa sauraro kawai ya yi. Anand ba daga cikin waɗanda ba a taɓawa ya fito ba, a Landan ya yi karatu, Bature E. M. Forster ne kuma ya rubuta wa littafin gabatarwa. A shekarun nan akwai wani mutum daga cikinsu, Dakta B. R. Ambedkar, wanda ya yi karatu a Amurka da Ingila, yana ta jayayya da Gandhi a kan hakkinsu na zaɓe. Ba a ji muryarsa a littafin ba. Shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin da ya tsara tsarin mulkin 1950, wanda sashensa na 17 ya haramta wariyar.

'Yanci ya zo a 1947 tare da raba ƙasa biyu, Indiya da Pakistan. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu. Khushwant Singh ya rubuta wannan a Train to Pakistan, 1956, inda wani ƙauyen Panjab na 'yan Sikh da Musulmi, da ke sanin lokaci ta wucewar jirgin ƙasa, ya wayi gari jirgi ya iso cike da gawawwaki. Wanda ya ba da ransa don ya ceci jirgin 'yan gudun hijira kuwa ɗan iskan gari ne da ke son wata yarinya Musulma, masu ilimi da masu mulki suna zaune.

Bayan wannan sai 1981, da Salman Rushdie ya fito da Midnight's Children. Sunansa ya shiga babbar rigima a 1988 saboda wani littafi dabam, wannan kuwa ba shi ne zancen nan ba. An haifi Saleem Sinai daidai tsakar daren 15 ga Agusta 1947, a sa'ar da aka haifi ƙasar, tare da waɗansu yara 1,000 da aka haifa cikin awar, kowanne da baiwarsa ta al'ajabi. Duk abin da ya sami Saleem ya sami Indiya, har zuwa dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977 ƙarƙashin Indira Gandhi, sa'ad da aka kama yaran aka yi musu aikin da ya hana su haihuwa. Amma asirin littafin yana ɗakin haihuwa. Wata ma'aikaciyar asibiti Kirista, Mary Pereira, ta musanya jarirai biyu. Saleem da ya girma a gidan attajirai Musulmi ashe ɗan wata matalauciya ne, ubansa na jini kuma Bature ne da ke shirin barin ƙasar. Wato yaron da aka ce shi ne madubin Indiya ba shi da tsarkakakken asali ko ta wane gefe, kuma Rushdie bai ɗauki wannan abin kunya ba. Amsa ce mai ƙarfi ga masu auna ɗan ƙasa da jini ko da addini. Ya kuma yi wa Ingilishi abin da Rao ya yi fata, ya cusa masa kalmomin Hindi da Urdu da hayaniyar titin Bombai. Littafin ya ci lambar Booker, ƙofa kuma ta buɗe wa na baya. Aibinsa shi ne nauyin kayan ya yi wa mutanen ciki yawa. Sau da yawa mai karatu ba ya jin tausayin Saleem, domin ya san alama ce yake kallo.

Nasara takan kawo ɗagawa. A 1997, shekara 50 da 'yanci, Rushdie da Elizabeth West suka tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Indiya, ya kuma ce a gabatarwa abin da aka rubuta da Ingilishi ya fi na harsunan gida ƙarfi da muhimmanci. Cikin dukan kundin guda ɗaya ne aka fassaro, labarin Saadat Hasan Manto daga Urdu. Marubutan harsunan gida suka fusata, da gaskiyarsu, gama ba a yanke wa harsuna hukunci bisa 'yan fassarorin da suka iso hannu. Tun 1993 malama Meenakshi Mukherjee ta riga ta lura cewa marubucin Ingilishi yana fama da damuwar nuna cewa shi Ba'indiye ne, yana ta jera kayan yaji da damina da haikali don baƙo ya gani, alhali marubucin Marathi ko Bengali ba ruwansa da wannan, yana labarin unguwarsu ne kawai. Vikram Chandra ya mayar da martani a shekarar 2000 cewa ba wanda aka naɗa mai gadin ƙofar asali. Kowannensu yana da rabin gaskiya, amma rabin Mukherjee ya fi nauyi.

A shekarar nan ta 1997 Arundhati Roy ta fitar da The God of Small Things, wanda shi ma ya ci Booker. Wannan littafi ya shafi masu bi kai tsaye. A jihar Kerala akwai Kirista waɗanda ke danganta ikkilisiyarsu ga Manzo Toma, suna can tun ƙarnuka kafin Turawa su zo, saboda haka ba wanda zai ce da su baƙi. Cikin irin wannan gida Roy ta kafa labarinta, a ƙauyen Ayemenem, a 1969. Ammu, bazawara mai tagwaye, ta ƙaunaci Velutha, kafinta mai gwanintar hannu da ke aiki a masana'antar gidansu, wanda yake daga waɗanda ba a taɓawa. Kakansa yana cikin waɗanda suka shiga ikkilisiyar Angilika don su tsere wa wariya, sai suka tarar an ware musu majami'arsu dabam da firistocinsu dabam. Da asirin ya tonu, wata gwaggo a gidan ta kai ƙarar ƙarya, shugaban jam'iyyar kwaminis da Velutha yake ciki ya juya masa baya, 'yan sanda suka yi masa dūkan da ya kashe shi. Ammu ta mutu ita kaɗai tana da shekara 31, ikkilisiya ta ƙi binne ta.

Roy ba ta yi wa'azi a kan ƙasa ba, kusan duk labarin bai fita daga bakin kogi guda ba. Amma shekara 19 bayan tsarin mulki ya soke wariya, ga ikkilisiya da jam'iyya da hukuma, waɗanda kowannensu ya yi alkawarin daidaita mutane, sun haɗa baki a kan kafinta ɗaya. Abin da ta faɗa game da masu tuba kuma yana da tushe a doka. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya keɓe guraben karatu da aiki ga waɗanda ba a taɓawa idan Hindu ne, aka ƙara 'yan Sikh a 1956 da 'yan Buddha a 1990, ba a ƙara Kirista da Musulmi ba, bisa hujjar cewa addininsu bai san aji ba. Ga doka ba su da aji, ga maƙwabta kuwa suna da shi. Ana iya kushe Roy da yawan wasa da kalmomi, wani lokaci har ya gundura. Kuma Velutha, kamar Bakha, kyakkyawa ne mai shiru, ana kallonsa daga barandar masu gida. Shekara 62 tsakanin littattafan biyu, har yanzu wani ne yake magana dominsa.

Muryar da ake nema tana nan, sai dai da wani harshe ta fito. A 1992 wata mace mai suna Bama, 'yar Katolika daga Dalit na jihar Tamil Nadu, wadda ta yi shekara bakwai tana sista kafin ta fita, ta rubuta tarihin rayuwarta, Karukku, da Tamil irin na bakin mutanen unguwarsu. Ta faɗi wariyar da ta gani a makaranta da gidan sistoci, ba ta kuwa bar bangaskiyarta ba. Amma mutumin Panjab ko Bengal bai iya karanta ta ba sai da Lakshmi Holmström ta fassara littafin zuwa Ingilishi a 2000. Wannan ya hana a yi saurin la'antar harshen. Ambedkar kansa da Ingilishi ya rubuta Annihilation of Caste a 1936, kuma Dalit da yawa suna ganin harshen baƙon ya fi musu sauƙin shiga, domin ba a taɓa hana kakanninsu jin sa ba kamar yadda aka hana su Sanskrit. Aikin tafinta da Macaulay ya tsara domin masu mulki ya koma yana yi wa Indiyawa tafinta a tsakaninsu.

Marubutan Ingilishi sun ci gaba da cin Booker, Kiran Desai a 2006, Aravind Adiga a 2008. Amma a 2022 lambar Booker ta ƙasa da ƙasa, wadda ake ba littafin da aka fassara, ta je ga Geetanjali Shree saboda labarin da ta rubuta da Hindi, na wata tsohuwa 'yar shekara 80 da ta tashi ta ƙetare iyaka zuwa Pakistan, Daisy Rockwell ce ta fassara. A 2025 kuma ta je ga Banu Mushtaq, lauya Musulma daga jihar Karnataka, saboda gajerun labarai a kan matan aure da 'ya'yansu a cikin gidajen Musulmin kudu. Deepa Bhasthi ce ta mai da su Ingilishi, aka raba kuɗin kyautar, fam 50,000, daidai tsakaninsu. Da harshen Kannada Mushtaq ta rubuta, wato harshen uwar Raja Rao, wanda tsohuwarsa Achakka za ta yi magana da shi da a ce an bar ta ta faɗi labarin Kanthapura da bakinta.